Alayyafon Inna

A gidanmu ba a yin ciwo haka kawai. Dole a sami mai laifi, kuma mai laifin kullum daga kwano yake fitowa. Ka ce kanka yana sarawa, kafin ka rufe baki Goggo ta iso kanka tana tambaya, "Me ka ci?" Duk abin da ka ambata na ƙarshe, to zamansa a gidan ya ƙare, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Haka aka kori ƙwai tun ina ƙarama, don Yaya, babban wana, ya ci da safe ƙuraje suka feso masa da yamma. Kifi ya bi baya saboda jiri ya ɗebi wata baƙuwa, baƙuwar da ba ta ma sake taka gidan ba. Lemo, gyaɗa, madarar gwangwani, duk sun sha kora. Ni dai na ce wata rana ruwan zafi za mu koma sha da cokali, shi ma sai in bai ƙona harshen wani ba.

Goggo yayar Baba ce. Lokacin da Inna take da rai, sai ta ce mata "To, na ji," ta bari ta tafi, sannan ta dafa abinta. Amma tun da Inna ta rasu Goggo ta tattaro kayanta ta dawo gidan, wai don ta kula da ƙaninta, sai dokar ta sami gindin zama. Ni ce auta, ni nake girki in na taso daga makarantar da nake koyarwa. Furfura ta fara leƙo mini a goshi, amma har yau in ana maganar manya sai a ce, "Auta, ke yi shiru."

Abu ɗaya Inna ta bar mini da nake ji da shi: ɗan lambun alayyafo a bayan kicin, tsakanin famfo da katanga. Ba wani girma gare shi ba, in ka shimfiɗa babbar tabarma ka kusa rufe shi. Inna ba ta taɓa sayen iri ba. Takan bar dogayen su yi kai su bushe, sai ta kaɗa su a nan inda suke, su zube, su sake tsirowa. Ni ma haka nake yi. Wato duk ganyen da ke wurin jikan jikan wanda ta shuka da hannunta ne. In na tsuguna ina cire ciyawa, wallahi ji nake kamar ɗaki ta shiga ɗauko wani abu, yanzu za ta fito.

Baba tela ne, da keken ƙafa yake ɗinki a wani ɗan shago can cikin kasuwa. Kullum da rana yakan rufe shagon ya taho gida cin abinci. Ranar da abin ya fara, shinkafa na dafa da alayyafo. Ya ci ya suɗe hannu, ya miƙe ƙafafu a kan tabarma, sai kawai muka ji ya saki ƙara. Jijiyar sharaɓarsa ta dama ta ɗaure tamau, ta dunƙule kamar an cusa dutse a ƙarƙashin fata, yatsun ƙafar duk sun lanƙwashe. Na kama ƙafar ina dannawa, shi kuwa sai salati yake yi, gumi na tsiyaya. Da kyar ta saki.

Goggo tana tsaye a kanmu, hannu a ƙugu. Ba ta ko dubi ƙafar ba, kwanon ta duba.

"Me ka ci?"

"Haba Goggo," na ce, "abin da kika ci shi ya ci. Ga kwanonki can kin share shi tas."

"Ni jikina daban. Wannan ganyen ne. Ganye sanyi gare shi, sanyi kuma jijiya yake bi. Dama na daɗe ina zarginsa."

"Shekara nawa yana cin ganyen nan? Sai yau ya tuna yana da ƙafa?"

Na juya ga Baba ina jiran ya yi dariya, don ya fi kowa son alayyafon nan. Sai ya sunkuyar da kai yana shafa sharaɓa, ya ce, "Ƙila dai ganyen ne, Auta. A ɗan dakata da shi."

Na saki baki ina kallonsa.

Da yamma Yaya ya zo da motarsa, don Goggo ta buga masa waya. Yaya shi ne babba, a ofis yake aiki, kuma in ya shigo gida sai ka rantse duba-gari ne ya zo. Ya daɗe yana son Baba ya bar ɗinki ya zauna ya huta. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Baba, mutane gani suke kamar na kasa riƙe ka." Baba kuwa ya ce masa ranar da ya daina taka keke, ranar za a fara ƙirga masa kwana.

Yaya ya saurari Goggo, ya leƙa bayan kicin, ya dawo yana kaɗa mukullin mota.

"Muddin abin nan yana nan, Auta sai ta saka shi a tukunya, na san halinta. Zan turo birkila ranar da ba aiki, a share wurin a yi masa siminti. Sai Baba ya sami wurin shimfiɗa tabarma yana shan iska."

"Siminti a kan lambun Inna?" na ce. "Yaya, kana jin abin da bakinka yake faɗa kuwa?"

"Lafiyar Baba ko ciyawa?"

"Ba ciyawa ba ce, kuma ba ita ta kama masa ƙafa ba. Wallahi birkilan nan sai dai ya haɗa da ni ya shafe."

"Auta, ke yi shiru," in ji Goggo.

Ban yi shiru ba, sai da na faɗi duk abin da ke raina, har da wanda bai kamata ba. Amma Baba bai goya mini baya ba, kuma wannan ya fi maganar Yaya yi mini ciwo.

Aka daina saka alayyafo a girki. Ni kuwa ban daina ba shi ruwa ba, safe da yamma, a gaban idon Goggo, har da ɗan waƙe-waƙena. Ganyen ya yi fato-fato, ya yi kore shar, ba mai tsinka. Baba ya daina miƙe ƙafa a tsakar gida, da ya ci abinci sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Goggo tana ta yawo tana cewa, "Kun gani ko? Tun da aka bar ganyen nan ko tari bai yi ba."

Akwai wata nas a maƙwabtanmu, katanga ce kawai tsakaninmu. Wata safiya tana shanya kaya na ɗora haɓa a kan katangar na tambaye ta, tsakani da Allah, ko cin ganye yana ɗaure wa mutum jijiya. Ta yi dariya har sai da ta saki zanen da ke hannunta. Ta ce ita dai ba ta taɓa karɓar wanda alayyafo ya ɗaure wa ƙafa ba. Ta ce abin da za a fara tambaya shi ne, yana wahalar da ƙafar? Yana gumi da yawa? Yana shan ruwa? Akwai maganin da yake sha? Ta ce in abin yana dawowa a kai shi asibiti a duba, a daina yi wa tukunya shari'a.

Maganar ruwan nan ta tsaya mini a rai. Ran nan da aka tashe mu da wuri, maimakon gida sai na cika gora da ruwa na nufi kasuwa. Rabona da shagon Baba har na manta. Yana can ƙarshen layin masu yadi, rufin kwano, ba taga, zafi kamar gidan burodi. Tun daga nesa na lura ban ji ƙarar keke ba.

Na ɗaga labule na same shi a ƙasa, tsakanin tarin kayan makaranta da aka kawo masa ɗinki. Ya riƙe sharaɓarsa da hannu biyu, ya cije tef ɗin awo don kada maƙwabta su ji ƙararsa. Na jefar da jaka na kama ƙafar, na tura yatsun sama ina dannawa har ta saki. Na miƙa masa gorar, ya kafa kai bai sauke ba sai da ya kusa shanyewa.

"Baba," na ce, "yau me ka ci?"

Ya kawar da kai.

"Na ce me ka ci? Ko alayyafon ne ya biyo ka kasuwa a ƙafa?"

"Auta, kar ki yi mini rashin kunya."

"Tun yaushe?"

Sai ya faɗa mini. Tun da gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo ya koma taka feda da ƙafar dama ita kaɗai, daga safe har rana, ga aikin kayan makaranta ya taru. Ruwa kuma ba ya sha, don banɗakin kasuwa yana da nisa, in ya tafi ba mai tsare masa shago. Ƙafar takan ɗaure a nan, takan ɗaure a ɗaki bayan ya turo ƙofa. Tun ranar farko ya san ba ganye ba ne.

"Ka sani, kuma ka bari za a zuba siminti a kan lambun Inna?"

"In yayanki ya ji keken ne, gobe zai turo a kwashe shi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Me zan zauna in yi a gida, Auta? In zauna ina kallon Goggonki tana kallona? Ganye dai ana sayarwa a kasuwa."

"Ba na Inna ba."

Ya kama hannuna. "Don Allah kar ki faɗa."

Na fito shagon raina a ɓace, ina tafiya ina share hawaye da bakin mayafi, har wani mai baro ya kusa buge ni. Kalma ɗaya zan faɗa wa Yaya lambun ya tsira, amma kalmar nan ita za ta raba Baba da kekensa. Na ji haushin Baba, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da nake jin tausayin. Kafin in isa gida na yanke shawara: ba zan tona masa asiri ba, kuma ba zan ba da lambun ba. Yadda za a yi a haɗa biyun, wannan ban sani ba.

Ranar ta zo. Da hantsi motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida, birkila ya shigo da baro da shebur da buhunan siminti. Mutum ne mai fara'a, ya gaishe da kowa, ya naɗe ƙafar wando. Da ya zagayo bayan kicin sai ya tarar da ni zaune daram a tsakiyar alayyafo, na ɗora fartanyar Inna a kan cinya.

"Hajiya, a ɗan ba ni wuri," ya ce.

"Malam birkila, sannu da zuwa. Kwaɓa simintinka, ka fara daga kaina."

Ya dubi Yaya. Yaya ya zo ya tsaya a bakin lambun, yana kaffa-kaffa da takalminsa kada ya taɓa laka.

"Auta, tashi. Kar ki ba ni kunya a gaban baƙo."

"Ba inda za ni."

"Ke wai me ya sa ba kya jin magana? Ganyen nan ya kusa nakasa Baba, tun da aka bar shi ya warke. Wace hujja kike nema kuma?"

Hujjar tana bakina, har ta taɓa haƙorana. Na hango Baba ya fito ya tsaya a ƙofar kicin da hularsa a hannu, yana dubana. Na haɗiye ta. Sai na miƙa hannu na cisgo ganye cike da tafi, ɗanye, ko wankewa ban yi ba, na cusa a baki.

"La ilaha!" Goggo ta dafe ƙirji. "Yarinyar nan ta haukace."

Na tauna, ga ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙorina, ga bauri, na haɗiye na sake cisgo wani. Na miƙe ƙafafuna duka biyu a gabansu.

"Ga ƙafa nan, Goggo. Ku zauna mu jira ta ɗaure. In ta ɗaure, ni da kaina zan kwaɓa masa simintin. In ba ta ɗaure ba, kowa ya kama gabansa."

"Ke jikinki daban!" in ji Goggo.

"Kowa jikinsa daban in ya ci bai mutu ba. To jikin wa ganyen yake kamawa?"

Birkila ya juya baya yana tari, na san dariya yake ɓoyewa. Yaya kuwa fuskarsa ta haɗe. Ya tako cikin lambun, takalmi da komai, ya tattake wani dogon da na bari ya yi iri, ya kama hannuna zai ɗaga ni. Na riƙe bututun famfo da ɗaya hannun, bakina cike da ganye, kore yana bin haɓata, ina cewa sai dai ya karya ni.

"Sake ta."

Baba ne. Ya taho yana ɗan ɗingishi, bai ɓoye ba wannan karon. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro bel ɗin kekensa, igiyar fatar nan da ke haɗa feda da kan keke, wadda in babu ita ko ka taka har gobe allura ba za ta motsa ba. Ashe tun jiya ya cire ta ya taho da ita. Ya miƙa wa Yaya.

"Ga mai laifin. Keken ne yake ɗaure mini ƙafa, ba ganye ba. Ƙafar ba ta daina ba ko kwana ɗaya, ɓoyewa nake yi. Ka daɗe kana so in bari, to na bari. Ka bar wa yarinya lambun uwarta."

"Baba, a'a," na ce, amma ganye ya cika mini baki, maganar ba ta fita da kyau ba.

Yaya ya karɓi igiyar ya naɗe ta a hannu. Wallahi har da sauke ajiyar zuciya, don shi a ganinsa alheri ya yi. Ya sallami birkila, aka mayar da buhunan mota. Goggo ta buɗe baki za ta ce wani abu game da ganye, Baba ya dube ta sau ɗaya, ta rufe.

Washegari Yaya ya kai shi asibiti aka duba shi. Likita ya ce ya riƙa shan ruwa, ya riƙa miƙe ƙafar yana hutar da ita, a kuma nemi maganin gwiwar. Bai ce ya bar aiki ba, da kunnena na ji, don ina wurin. Amma Yaya ya ce hutawa ai hutawa ce. Bel ba abin wuya ba ne a kasuwa, Baba zai iya sayen wani a layinsu, sai dai ya riga ya ba da magana a gaban mutane, kuma shi ba ya janye magana.

Na ci nasara ke nan. Alayyafo ya dawo tukunya, har Goggo tana ci tana cewa ita dama ba ta ce duka ganyen ba. Baba ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a bakin lambun, nan yake wuni. Ba ya ƙorafi. Yana cin abinci, yana shan ruwa, yana amsa gaisuwa. Masu kayan makaranta suka zo suka karɓi yadinsu ba a ɗinka ba, ya ba su haƙuri da murmushi.

Wata yamma ina ba lambun ruwa, shi yana zaune ya zuba wa katanga ido. Sai na ji wani ɗan sauti, taf, taf, taf. Na duba ƙasa. Ƙafarsa ta dama ce take hawa tana sauka a kan dandaryar ƙasa, dunduniya da yatsu, dunduniya da yatsu, daidai yadda yake taka feda. Hannayensa kuma suna kan cinya a jere, suna tura yadin da babu shi. Bai ma san yana yi ba.

Na ajiye bokitin, ruwan ya malale a ƙafata. Na ɗauki mayafi na fita.

Na tarar da Yaya a ƙofar gidansa yana wanke mota. Ban yi sallama ba, na buɗe ƙofar gaba na jawo akwatin da ke gaban kujera. Igiyar keken tana nan a naɗe cikin takardun mota, na ɗauke ta.

"Ke Auta! Meye haka? Baba da kansa ya ba ni!"

"Shi ya ba da magana, ni ban ba da ba. Ka ji likita da kunnenka. Ruwa ni zan riƙa kai masa, in zauna a shagon ya je ya dawo. In kana son ka yi masa wani abu, ka sa a fasa masa taga."

"In ƙafar ta sake ɗaurewa fa?"

"Sai mu danna ta saki. Wanda yake zaune a bakin lambun can ba Baba ba ne, Yaya. Je ka duba da idonka."

Ya tsaya da soso a hannu, kumfa na ɗiga a kan takalminsa. Bai biyo ni ba.

Da safe na shirya wa Baba faranti: burodi, shayi, alayyafo da na soya da albasa, gorar ruwa cike. Na naɗe igiyar na ajiye ta a gefen kofin. Goggo ta tare ni a ƙofar kicin, ta dubi ganyen, ta dubi igiyar.

"Wanne daga ciki za ki kashe mini ƙani da shi?"

"Duka biyun, Goggo. Matsa in wuce."

Na ajiye farantin a gabansa. Ya daɗe yana kallon igiyar bai taɓa ta ba. Sannan ya ci ganyen tas, ya shanye shayin, ya goge hannu a gefen tabarma. Ya ɗauki igiyar ya ja ta tsakanin hannayensa yana gwada ƙarfinta, ya ce mahaɗin ya ɗan saki, sai ya ɗaure shi da sabuwar waya.

"Auta," ya ce, "ina hulata?"